Niyuton, Jul da Wat: Awon da Kuɗin Wuta Ya Dogara a Kai

A watan Satumban 1999, hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika ya kewaya duniyar Mars. Da aka bincika, sai aka tarar wani rukunin injiniyoyi ya yi lissafin turin injin da awon fam, ɗaya rukunin kuma ya ɗauka da niyuton aka yi. Fam ɗaya na turi ya haura niyuton huɗu, don haka kumbon ya kauce hanya ya halaka. Irin wannan ruɗani ne tsarin awo na bai ɗaya, wanda ƙasashe suka amince da shi a 1960, yake son kawarwa.

A cikin tsarin, bari mu fara da ƙarfi, wato turi ko ja. Awonsa niyuton ne, don tunawa da Isaac Newton na Ingila, wanda ya wallafa dokokin motsi a 1687. Ƙasa na jan duk abu mai kilo ɗaya da kusan niyuton 9.8.

A wajen masana, ba a yi aiki ba sai ƙarfi ya gusar da abu. Ko mutum ya wuni yana tura bango, muddin bangon bai motsa ba, bai yi wa bangon aikin komai ba. Idan niyuton ɗaya ya tura abu tsawon mita ɗaya, an yi jul ɗaya. Lebura da ya ɗaga buhun siminti mai kilo 50 sama da mita ɗaya ya yi kusan jul 490. Da jul ɗin ake auna makamashi ma, domin shi ake kashewa a yi aiki. James Joule ne ya tabbatar da haka a shekarun 1840, inda ya riƙa kaɗa ruwa da filafilai yana auna ɗuminsa. Kusan jul 4.2 ke ɗumama giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya.

Shi kuwa wat, saurin aikin yake aunawa: jul ɗaya a kowace daƙiƙa. An sa masa sunan James Watt, wanda ya inganta injin tururi kuma ya riƙa gwada ƙarfinsa da na dawakai don masu saye su gane. Ƙarfin doki ɗaya kusan wat 746 ne, har yau kuma ana rubuta shi a jikin injin ban ruwa.

Nan ne maganar ta shigo gida. Yunit ɗin da mitar wuta ke cirewa shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, wato jul miliyan 3.6. Dutsen guga mai wat 1,000 zai cinye yunit guda cikin awa ɗaya, alhali ƙwan lantarki mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne. Don haka mai son rage kuɗin wuta ya fara da kayan da ke zafi, irin su hita da risho na lantarki, ya duba wat ɗin da ke jikinsu, ya ninka da awannin da suke aiki, ya raba da 1,000 don ya san yunit ɗin da suke ci.