Kifin Tabkunanmu Ya Tsumbure: Yunwa Ce Tun Daga Ƙuruciya

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata masu suyar kifi a kasuwannin Madawa da Buza da Keita, ga tambayar da muke yawan ji daga bakinku: me ya sa wata shekara kifin tabki yake zuwa manya manya, wata shekara kuma sai ƙanana masu ƙaya, ga wahalar gyara, ga rashin riba? Amsar tana can cikin kwanakin farko na rayuwar kifi.

Ɗan kifi yana ƙyanƙyashewa da ɗan guzurin gwaiduwa a cikinsa. Cikin ƴan kwanaki guzurin zai ƙare, dole ya samu ƙananan halittun ruwa waɗanda ido ba ya gani sosai. In ya same su ya girma da sauri, ya wuce bakin masu cinye shi. In bai samu ba, ko ya mutu, ko ya tsumbure.

Wani masani ɗan ƙasar Norwai, Johan Hjort, ya bayyana haka tun 1914, bayan ya yi nazarin kifayen tekun ƙasarsu mai tsananin sanyi, har da wanda Turawa ke kira kod. Fatakenmu masu zuwa Kano da Legas sun san shi, shi ne busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da Inyamurai ke kira okporoko. Hjort ya ce yawan kifin shekara yana rataye da abincin da ƴaƴan suka tarar lokacin da guzurinsu ya ƙare.

A Kanada kuwa, jiragen kamun kifi sun yi ta kwasar kod ba ƙaƙƙautawa, ƙaramin kifin da yake ci shi ma ya yi ƙaranci. A 1992 gwamnati ta hana kamun kod a gaɓar Niyufanlan, mutum kusan 30,000 suka rasa sana'a. Teku ke nan, balle tabki.

Mu dawo gida. Aikin raya karkara na Keita, wanda ya fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO, ya gina madatsun ruwa, ya dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun aikin. A irin waɗannan ruwaye, da tabkin Tabalak da ke maƙwabtaka, wanda ya shiga jerin dausayin duniya na Ramsar a 2005, ake samun tarwaɗa da karfasa.

Ruwan farko na damina yana wanko kashin dabbobi zuwa tabki. Wannan taki ne ke sa ruwa ya yi kore, koren nan kuwa shi ne tuwon ƴaƴan kifi. Amma in zaizayar ƙasa ta cika tabki da laka, ruwa ya yi ja, hasken rana ba ya ratsa shi, abinci ba ya tsirowa. In kuma karfasa ta yi yawa a ƙaramin ruwa, sai ta fara haihuwa tun tana ƙarama, abinci ya kasa, duka su tsumbure. Tarwaɗa ma in yunwa ta matsa mata, ƙannenta take haɗiyewa. Da hunturu ya shigo ruwa ya yi sanyi, karfasa takan rage ci, girma ya tsaya. Ke nan wanda bai ƙoshi tsakanin damina da kaka ba, ya makara.

Saura laifinmu. Wasu masunta suna jan ruwa da koma mai ƙananan idanu, wasu har da gidan sauron da aka raba don yara. Abin da suka kwaso kifin baɗi ne.

A nan ne ƴan kasuwa kuke da ƙarfi. Masunci ba ya kama abin da ba a saye. In ƙungiyoyin mata masu suya suka haɗa baki suka ƙi sayen kifin da bai kai tafin hannu ba, kuma suka mara wa sarkin ruwa baya lokacin da ya rufe tabki don kifi ya hayayyafa, kwanon da ke cika da ƙaya bana zai cika da tsoka baɗi. Manoman bakin tabki su ma su kiyaye wanke kayan feshin albasa a ruwan.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa wa kasuwa albarka.