Iyakokin Sararin Samaniyar Gwarzo da Kabo: Inda Ake Samun Sahihan Bayanansu

Gabatarwa

Manomi a Garo ko Getso ya san iyakar gonarsa da layin gamba ko wata tsohuwar bishiya, idan kuma gardama ta taso, mai unguwa da dattawa su ne shaida. A saman gonar akwai wasu iyakokin da babu gamba babu bishiya a kansu, amma doka ta san da su, kuma ƙetare su ba da izini ba na iya jefa fasinjojin jirgi cikin haɗari. A da wannan magana ta matuƙa jirage ce kawai. Yanzu ɗaliban labarin ƙasa da na aikin gona suna tayar da ƙananan jirage marasa matuƙa domin ɗaukar hoton gonaki da madatsun ruwa, kamfanonin sadarwa kuma suna kafa dogayen turaku. Wannan maƙala ta dubi inda ake samun bayanan hukuma kan waɗannan iyakoki, da yadda ake karanta su, ta ɗauki ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo a matsayin misali.

Yadda aka kasa sararin

Tushen tsarin shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Chicago na Amurka ranar 7 ga Disamba, 1944, wadda ta haifar da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. An kasa sararin duniya zuwa manyan yankuna, kowane da cibiyar da ke ba jirage bayani. Yankin da ya lulluɓe Nijeriya sunan Kano yake ɗauke da shi, lambarsa DNKK, ko da yake cibiyoyi biyu ne ke raba aikinsa, ta Kano da ta Legas. Kano ta daɗe a wannan harka, domin jirage sun sauka a nan tun a watan Nuwamba na 1925, lokacin da wasu jiragen sojan Ingila guda uku suka iso daga Masar.

A cikin wannan babban yanki akwai rukunoni bakwai, daga A zuwa G. Biyar na farko su ne ake kira sararin da ke ƙarƙashin kulawa, wato inda jami'an kula da zirga-zirga suke ba jirage umarni, suna raba tsakaninsu. A kewayen filin jirgi irin na Malam Aminu Kano, siffar wannan sarari ta yi kama da ƙwarya a kan gammo. Gammon shi ne da'irar da ke zagaye da filin, wadda ta faro daga doron ƙasa ta yi sama, kuma ƙa'idar ICAO ta ce kada ta gaza mil 5 na teku daga tsakiyar fili ta fuskar da jirage ke shigowa. Ƙwaryar kuwa ta fi faɗi nesa ba kusa ba, amma gindinta bai taɓa ƙasa ba: ƙa'ida ta ce kada ya sauko ƙasa da ƙafa 700, wato kimanin mita 200, daga doron ƙasa. Saboda haka tambayar mutumin Gwarzo ko Kabo ba ta tsaya ga ko gonarsa tana cikin da'ira ba. Dole ya san kuma daga wane tsawo kulawar ta fara a daidai kansa.

Kabo tana da wani matsayi da ba kowa ya lura da shi ba. Babban titin saukar jirage na Kano, mai lamba 06/24, ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, kuma idan aka ja layinsa zuwa kudu maso yamma, yankin Kabo yake dosa, tazarar kilomita arba'in da 'yan kai. Jirgi yakan sauka yana fuskantar iska. To a lokacin hunturu, da iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ta wannan ɓangare ya fi dacewa jirage su shigo, a kuma lokacin ne hazo ya fi rage wa matuƙi gani. A daidai Kabo jirgin yana sama da dubban ƙafafu, amma yana kan gangarowa ne. Gwarzo, da ke kusa da iyakar jihar Katsina, ta fi nisa, kuma ta ɗan kauce wa layin.

Kundin hukuma

Waɗannan iyakoki wuri guda aka rubuta su da yawun gwamnati, shi ne kundin bayanan sufurin jiragen sama da ake kira AIP. Kowace ƙasa tana da nata. Na Nijeriya yana fitowa ne daga hukumar kula da sararin samaniya, NAMA, wadda aka kafa da doka ta 48 ta shekarar 1999, ta hannun sashenta na bayanai, mai ofis a manyan filayen jirage har da na Kano. Mai nazarin da aikinsa ya kai shi Maraɗi ko Damagaram sai ya koma ga kundin ASECNA, hukumar haɗin gwiwa da ke kula da sararin Nijar da wasu ƙasashen Afirka, wadda take sanya nata a intanet.

Tsarin kundin iri ɗaya ne a ko'ina, wanda ya iya karanta na wata ƙasa ya iya na saura. Kashi uku ne: GEN na bayanan gama-gari, ENR na hanyoyin sama, AD na filayen jirage. Iyakar ƙwaryar nan tana ENR 2.1, tare da tsawon da ta fara da inda ta ƙare da rukuninta. Iyakar gammon tana ƙarƙashin shafukan filin Kano, mai lamba DNKN, a AD 2.17. Wuraren da aka haramta shawagi, ko aka taƙaita, ko aka ayyana a matsayin masu haɗari, suna ENR 5.1, kuma wannan sashe ne mutane suka fi mantawa da shi.

Ba a taɓa gama rubuta kundin. Manyan gyare-gyare suna fara aiki ne a ranakun da duniya ta amince da su, kowane kwana 28, ranar Alhamis, kuma ana rarraba su kwana 42 kafin lokaci. Abin da ya taso bagatatan kuwa ana shelanta shi ta gajeriyar sanarwa da ake kira NOTAM. Da sojojin Nijar suka rufe sararin ƙasarsu ranar 6 ga Agusta, 2023, babu taswirar da ta nuna haka washegari, ta irin wannan sanarwa matuƙa suka sani. Wannan ne ya sa ba a kwafo alƙaluman iyakokin Kano a nan ba. Maƙala tana shekaru a intanet, shafin kundi kuwa yana iya sauyawa a wata mai zuwa, kuma kowane shafi yana ɗauke da ranarsa a gefe.

Manhajojin waya da ke zana da'irori masu launi a kan taswira suna da amfani wajen hangen farko, amma kwafi ne, wani lokaci ma kwafin kwafi. Mai wannan rubutu ya taɓa shirya aikin ɗaukar hoton noman rani a kusa da madatsar Guzu-Guzu, ya gwada manhajoji biyu, kowace ta zana masa da'ira daban, kuma babu wadda ta faɗi ranar da aka sabunta ta. Idan wani abu ya faru, babu mai binciken da zai karɓi hoton fuskar waya a matsayin hujja.

Kurakuran karatu

Samun kundin rabin aiki ne. Nisa a cikinsa da mil na teku ake auna shi, wanda yake mita 1,852, ya ɗara mil ɗin da direbobi suka sani. Tsawo kuma da ƙafa ne, kuma sau da yawa daga matakin ruwan teku ake ƙirga shi. Filin jirgin Kano kansa yana kan tudun da ya haura ƙafa 1,500. A ƙaddara, don misali kawai, an rubuta cewa kulawa ta fara daga ƙafa 3,000 a kan matakin teku: abin da ya rage tsakanin ƙasa da ita bai kai rabin wannan adadi ba, a yankin Gwarzo kuma da ƙasa ta fi tudu, ratar ta ƙara matsewa. Ƙaramin jirgin hoto yana lissafin tsawonsa ne daga inda ya tashi, saboda haka alƙaluman biyu ba harshe ɗaya suke magana ba.

Sai kuma batun ma'aunin wuri. Tun daga 1998 harkar jirage ta duniya ta koma kan tsarin WGS-84, wanda na'urar GPS ke amfani da shi. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya, irin waɗanda ke cike a sassan labarin ƙasa na jami'o'inmu, an gina su ne a kan ma'aunin Minna. Wanda ya ɗauki lambobin kundin ya ɗora a kan irin wannan taswira ba tare da juyawa ba, layinsa zai goce da gomman mitoci.

Iyaka daban, izini daban

Ko da bincike ya nuna cewa gonar da za a ɗauka tana wajen gammo, kuma jirgin ba zai wuce ƙafa 400 da ƙasashe da dama suka ƙayyade ba, wannan bai zama izinin tashi ba. NAMA ce ke wallafa iyaka, amma izini yana hannun hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, wadda tun a watan Mayu na 2016 ta sanar da cewa ba a tayar da jirgi maras matuƙi sai da yardarta da ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ita ce kuma ke tantance tsawon turakun sadarwa kafin a kafa su. A ganin mai wannan rubutu, kuskure ne a bar ɗalibi ya bi waɗannan ofisoshi shi kaɗai. Sashen da ke tura ɗalibai aikin fili a yammacin Kano ya kamata ya mallaki kundin da sunansa, ya wakilta malami guda da zai riƙa shigar da gyare-gyaren kwana 28, ya kuma nemi izini tun kafin a tsayar da ranar fita, domin noman rani ba ya jiran takarda.