Sili Nawa Ke Rufe Siliki Shara-shara

A Gyadi-Gyadi da Tarauni, bayan badala ta wajen hanyar Zariya, akwai mata cikin gidaje da maza a bakin zaure waɗanda da allura suke ci. In salla ta gabato ko biki, akan kawo musu mayafin siliki shara-shara a ce a yi masa aiki. To, wannan ƙyalle ba ya rufa wa maɗinki asiri.

Dalili kuwa, hannun Kanawa da ƙyalle mai kauri ya saba. Rigar saƙi da ake zuba wa aska takwas, da zaren tsamiya akan yi mata, wanda ake kaɗawa daga gidan tsutsar daji. Kakkaura ne, mai gashi-gashi, da kansa yake cika wuri. Haka kuma alharini, wanda Bature Barth ya tarar ana kawowa Kano daga Tarabulus cikin 1851. Wanda ya kai wannan sabo kan shara-shara ya yi ɓarna.

Zaren ado na kanti, irin su DMC, sili 6 ne a haɗe, kuma idon ƙyalle shi ke faɗin nawa za a ɗiba. In ido 40 ne cikin inci guda, sili ɗaya ya wadatar. In idon ya fi faɗi ainun, sai a ƙara na biyu. Wanda ya rage, ƙyalle zai riƙa leƙowa tsakanin ɗinki kamar kan mai sanƙo. Wanda ya yawaita, shi ya fi shiga uku: zare ya cushe ido, ya ture saƙa, mayafi ya tattare. Ko an warware, ramukan suna nan, sai biyan mai kaya.

Akwai dabarar da gaggawa ke hana mutane. In za a yi da sili biyu, a zare kowanne daban, sa'an nan a jera su, don su kwanta kafaɗa da kafaɗa. Murɗaɗɗen zare ba ya shimfiɗuwa. Kada tsawonsa ya wuce kamu guda, domin yawan ratsa ido yana cinye shi, ƙarshen aiki ya fi farkonsa sirantaka. Baƙi da shuɗi a kan fari sun fi tona giɓi. Saboda haka gwanaye kan fara gwadawa a gefen ƙyalle, su ɗaga shi ga hasken rana su duba, kafin allura ta taɓa tsakiya.