Teɓar Ma'aikaci Ba Shaidar Arziki Ba Ce

A Rano da Kibiya, ɗan manomin da ya samu aikin ofis yakan ajiye fartanya, amma ba ya rage malmalar tuwon da mahaifinsa ke ci don ya yini a gona. Daga kujerar sakatariya sai babur, daga babur sai tabarmar majalisa. Teɓa na fitowa, sai dangi su ce hutu ya karɓe shi. Ni kuwa a ganina, hawan jini da ciwon suga ne ke yin sallama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da sauri bayan sallar Asuba ta wadatar.

Sai dai tafiya kaɗai ba ta sauke ƙiba. Robar lemon Coca-Cola mai santilita 50 na ɗauke da sukari fiye da cokalin shayi 10. A raba tuwo biyu, a cike gurbin da kwaɗon zogale, rama da wake, waɗanda gonakinmu ke bayarwa.

Awo ba ya buƙatar sikeli. Ka auna tsawonka da igiya, ka ninka ta biyu. Idan ba ta zagaye cikinka ba, lokacin gyara ya yi. Mai shan maganin suga kuwa, ya fara tuntuɓar likitansa.