Mai Lambun da Ya Shiga Tseren Zakaru

Mutumin ƙasar Bici, wanda hannunsa ya saba da ƙotar fartanya, bai kuwa san ruwa mai yawa ba sai na madatsar Watari, inda masunta ke tura kwale-kwale da gora, zai yi ta'ajibi in an ce masa akwai ƙasashen da mutum kan ƙarar da ƙuruciyarsa kaf wajen koyon tuƙin kwale-kwale, don kurum ya yi tseren mita 2,000, yana zaune bisa kujera mai zamewa, ya ba wa inda ya nufa baya, ƙarfin tuƙin kuma akasarinsa daga ƙafafu yake fitowa.

Daga cikin mashahuran wannan fanni akwai Steve Redgrave, mutumin Ingila, wanda aka haifa a 1962 a garin Marlow na bakin kogin Thames, ya kuma ci lambar zinariya a wasannin Olamfik biyar a jere, daga na Los Angeles a 1984 zuwa na Sydney a 2000, alhali kuwa tun 1997 likitoci suka tabbatar yana fama da ciwon sukari.

To, a 2012, da wasannin suka zo Landan, sai ga wani maƙwabcinmu, Hamadou Djibo Issaka, mai aikin lambu daga Yamai, ɗan shekara 35, wanda aka ba shi gurbin alfarma irin wanda akan keɓe wa ƙasashe masu ƙarancin 'yan wasa, bayan horon da bai wuce na kimanin wata 3 ba. A tafkin Dorney, inda Mahé Drysdale na New Zealand ya ci zinariya cikin ƙasa da minti 7, shi Issaka sai da ya kwashe minti 8 da daƙiƙa 39 a ɗaya daga cikin tserensa, ya iso shi kaɗai bayan kowa ya tsaya, amma jama'a suka yi ta yi masa tafi kamar shi ne gwarzon ranar.

Redgrave bai yi na'am da wannan alfarma ba, hujjarsa ita ce an bar gwanaye a gida saboda ƙa'idar rabon gurbi. Kuma bisa adalci, maganar wanda ya yi shekaru yana mujahada da filafili ba abar yarwa ba ce. Sai dai manomi yana da nasa mizanin, domin duk wanda ya taɓa halartar gayya ya san cewa, ko da yake gwanin gaba makaɗa ke wasawa, ba a jin kunyar wanda ya zo ƙarshe muddin ya kai kunyarsa bakin gona. Wanda ake yi wa dariya shi ne wanda ya yar da garma a tsakiya. Issaka dai, duk tseren da ya shiga, ya kai tasa.