Mataki na Tara

A shekarar 2005 idon duniya ya dawo kan Maraɗi. Ruwan daminar 2004 ya ɗauke da wuri, fara ta afka wa gonaki da makiyaya, kafin a kai ga sabuwar kaka tiyar gero ta fi ƙarfin talaka. Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne inda tamowa ta fi yin ɓarna. Sun zaci can cikin hamada za su same ta, sai suka tarar da ita a kudancin jihar, ƙasar gulbi da noma, inda gundumar Madarunfa take da garuruwanta: Sarkin Yamma, Safo, Gabi, Ɗan Isa da Jiratawa. Hatsi na jibge a kasuwa, yara na ramewa a gida.

A wannan shekara ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi. Ba a taɓa yin aiki mai yawan haka ba kafin nan. Abin da ya sa ya yiwu wani ɗan ƙunshi ne mai nauyin giram 92, Plumpy'nut, haɗin gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda likitan Faransa André Briend da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro a 1996. Ba ya buƙatar ruwa balle wuta. Uwa ta karɓi na mako guda ta koma gida, ranar awo ta dawo da ɗanta. Sai wanda ciwo ya kwantar, ko ya ƙi cin komai, ake riƙewa a sashen da ake kira CRENI, a fara shi da madarar F-75 kaɗan-kaɗan. Wajen tara cikin goma sun warke. Daga nan ne ƙasashe da dama suka koyi wannan salo na jinya.

Amma duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ɗaki ya san wani abu da sikeli ba ya nunawa. Ɗaki cike da yara, kuma shiru. Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa ba ya wasa, ba ya bin mutum da ido, ko kukan ma sai a hankali, kamar mai tsimin numfashi. Jikinsa ya rufe duk wata ƙofa da ke cin ƙarfi don ya rayu, kuma sha'awar duniya na cikin ƙofofin da ake fara rufewa. Shi ya sa littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999 ya sanya murmushi cikin alamun da likita zai duba kafin ya ce yaro ya haye: yana ci, kumburi ya saɓe, nauyi na ƙaruwa, yana murmushi, yana kula da abin da ke kewaye da shi.

Hukumar ta tsara jinyar a matakai goma. Takwas na farko aikin jiki ne: sukarin jini, ɗumin jiki, ruwa, gishirin jiki, ƙwayoyin cuta, sinadarai, ciyarwa a hankali, sannan ciyarwar maido da nauyi. Na goma shirin sallama. Na tara kuwa cewa ya yi a motsa gaɓoɓin jin yaro, a kwantar masa da hankali: a nuna masa ƙauna, ɗakin ya zama mai fara'a, a yi wasa da shi na minti 15 zuwa 30 kowace rana, uwa ta kasance cikin wanka da ciyarwa da rarrashi. Yaya aka yi wasa ya samu gurbi tsakanin allura da madara? Labarin ya faro daga wani tsibiri mai nisa da Madarunfa.

A birnin Kingston na ƙasar Jamaika akwai wata cibiyar bincike kan tamowa a Jami'ar West Indies. Wata likita 'yar Birtaniya, Sally Grantham-McGregor, ta lura tun cikin shekarun 1970 cewa yaran da ake sallama daga asibiti jikinsu ya cika, amma in an bi sawunsu sai a tarar suna baya a magana da fahimta, har zuwa makaranta. Ta fara gwada wasa da su a gadon asibiti da kuma bayan sun koma gida, ta ga alamun canji. Sai ita da abokan aikinta, cikinsu har da Christine Powell da Susan Walker, suka shirya gwaji na sosai.

Tsakanin 1986 da 1987 suka bi unguwannin talakawan Kingston gida-gida suna auna yara. Suka ware 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. Aka raba su kashi huɗu ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko aka riƙa kai musu kilo guda na garin madara duk mako. Na biyu ba madara, sai wata ma'aikaciyar lafiya ta unguwa da ke zuwa sau ɗaya a mako ta yi awa guda. Na uku suka samu duka biyun. Na huɗu ana duba lafiyarsu kawai. Haka aka yi ta yi shekara biyu.

Ku dubi abin da ke cikin jakar wannan ma'aikaciya. Robar da aka gama amfani da ita, murafun kwalba, gwangwani, ƙyallen da aka ɗinka ya zama 'yar tsana, ɗan littafin hotuna na kwali. Ba likita ba ce, karatunta bai yi zurfi ba, horo aka ba ta. Kuma ainihin aikinta da uwa ne. Ta zauna a ƙasa ta nuna yadda za a jefa murfi cikin gwangwani a fito da shi, ana faɗin sunan abin: ciki, waje, babba, ƙarami. Sai ta miƙa wa uwar ta gwada. In yaro ya yi daidai a yaba masa, in uwar ta yi daidai ita ma a yaba mata. In yaro ya yi gwaranci a amsa masa kamar ya faɗi magana. Ta bar kayan wasan a gidan, mako mai zuwa ta zo da wasu ta karɓi na baya. Iyakar maganin ke nan.

Da aka fitar da sakamako a mujallar Lancet a 1991, madara ta yi amfani, wasa ya yi amfani, waɗanda suka samu duka biyun sun kusa kamo yaran da ba su taɓa tsumburewa ba. Da nan aka tsaya, da labarin bai wuce na sauran rahotanni ba. Amma Grantham-McGregor da abokan aikinta ba su saki yaran ba. Suka koma musu suna da shekara 7, suka koma suna da 11, sannan 17. A nan abin ya juye. Tasirin madarar ya yi ta dusashewa har ya ɓace. Na wasan kuwa ya zauna. A shekara 17 yaran da aka yi wasa da su sun fi sauran a karatu da fahimta, sun fi su ƙarancin fargaba da baƙin ciki, sun fi yarda da kansu, iyayensu kuma sun ce sun fi tattara hankali.

Da suka kai shekara 22 aka sake fita nemansu. Wasu sun bar ƙasar, sai da aka bi su har Amurka da Kanada da Ingila. An samu 105 daga cikin 129. Waɗanda aka yi wasa da su sun fi zurfin karatu, sun fi ƙarancin shiga faɗa da tashin hankali. Masana tattalin arziki, Paul Gertler da James Heckman wanda ya ci kyautar Nobel a 2000, suka shigo suka lissafa abin da kowa ke samu. Sakamakon ya fito a mujallar Science a 2014: kuɗin shigarsu ya ɗara na 'yan uwansu da kashi 25 cikin ɗari, har sun kamo tsaransu da ba su yi tamowa ba. Da aka sake dubawa suna da shekara 31, tazarar ba ta rufe ba, ƙaruwa ma ta yi. Awa guda a mako, da gwangwani da murfin kwalba.

Yara 129 ba su da yawa, kuma Kingston ba Sarkin Yamma ba ce. Wannan gaskiya ne. Kada kuma wani ya ɗauka cewa abinci ba kome ba ne, domin yaron da yunwa ta kashe ba ya zuwa wajen wasa. Amma an maimaita tsarin a Bangladesh da Kolombiya da wasu ƙasashe, an kuma ga ci gaba a fahimta da maganar yara.

Me ya sa wasa ke yin wannan aiki? Masu fannin jinya ta hanyar aiki da wasa, wanda a takardun asibitin Nijar ake kira ergoterapi, suna da bayani. Wata Ba'amurkiya cikinsu, Jean Ayres, wadda ta rayu daga 1920 zuwa 1988 a Kalifoniya, ta ja hankali kan gaɓoɓin ji da ba a cika lissafawa ba. Bayan ido da kunne da hanci da harshe da fata, akwai wani sashe a can cikin kunne da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki a tsaye yake, ko ya karkata, ko yana motsi. Akwai kuma jijiyoyi a tsoka da gaɓɓai da ke sanar da ita inda hannu da ƙafa suke ko da ido a rufe. Ƙwaƙwalwar jariri sai ta koyi haɗa waɗannan saƙonni wuri guda, kuma ba ta koyo sai ana taɓa shi, ana ɗaga shi, yana rarrafe, yana kamawa yana saki. In haɗin ya samu tangarɗa, sai ka ga yaro yana ƙwala ihu don an shafa masa mai, ko yana toshe kunne in injin niƙa ya tashi, ko ya ƙi duk abincin da ke da gudaji, ko ya kasa zama wuri ɗaya. A gida mu ce ƙiwuya ce, ko fitina, wani lokaci a ce iska ce a nufi wajen mai magani. Ayres ta cika asibitinta da lilo da abubuwan hawa da na birgima. Har yau ana gardama kan iyakar amfanin salon nata, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta ce a 2012 hujjojin ba su cika ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne tushen: ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro da taɓawa da motsi da amsawar babba take ginuwa. Haka ma haƙuri. Jariri ba ya iya kwantar da kansa, sai an yi ta jijjiga shi ana rarrashi sau ba adadi kafin jikinsa ya koyi sauka daga fushi da kansa.

A nan muna da jari. Goyo kaɗai ya haɗa ɗumin fata da matsin zane da motsin tafiya, ga bugun daka in uwa na bakin turmi. Akwai tawai, akwai kacau-kacau, akwai motar kara da 'yar tsana. Inda muke da giɓi shi ne magana ido da ido. Goyo a baya yake, fuskar uwa na gaba. Matar da ta tashi tun asuba da surfe, ta je rijiya, ta je itace, ta wuce gandu sannan gamanarta, da wane ƙarfi za ta zauna hira da wanda bai iya amsawa ba? Ga kunyar ɗan fari, da ke hana yarinya ko kiran sunan ɗanta balle ta yi masa wasa a gaban surukai. Ga yayen gaggawa in an yi kwanika, a ɗauke yaro rana ɗaya daga nono da bayan da ya sani. In tamowa ta shigo ta sa yaron ya yi shiru, sai a ce ai yaron kirki ne, ba ya rigima, a ƙara barinsa.

An gwada cike wannan giɓi a ƙasarmu. Shirin tallafin gwamnatin Nijar da Bankin Duniya ya mara wa baya, wanda ya riƙa ba mata jika goma duk wata har tsawon shekara biyu, ya haɗa da faɗakarwa kan tarbiyyar ƙananan yara: taron gari, zaman mata rukuni-rukuni, da ziyarar gida, kowanne sau ɗaya a wata. Patrick Premand da Oumar Barry sun auna shi a ƙauyukan jihohin Doso da Maraɗi, suka wallafa a 2022. Iyaye sun sauya hali wajen ciyarwa da kula da lafiya da wasa da yara, an kuma samu ɗan ci gaba a natsuwar yaran da zamansu da mutane. Amma tsayinsu da nauyinsu da kaifin fahimtarsu ba su motsa ba. Kuɗin kaɗai ma, ba tare da faɗakarwar ba, bai sauya yaran ba.

A ganina bambancin a fili yake. A Kingston duk mako ake zuwa, a zauna da uwa ɗaya da yaro ɗaya, da abin wasa a hannu, a gwada a gani. Wa'azi a dandali sau ɗaya a wata, mata ɗari a zaune ana jero musu darussa, yana gyara tunani amma ba ya koya wa hannu. Kuma a ɗakin jinya mai cunkoso, lokacin damina da zazzaɓin cizon sauro ke haɗuwa da yunwa, yara biyu ko uku a gado ɗaya, mataki na tara ne ake fara ajiyewa, domin ba wanda ke mutuwa a daren da aka tsallake shi.

To ga kira. Kakanni, ku da al'ada ta ba lasisin tsokanar jika, kuna kiransa angonku ko amaryarku, ku ɗauki wannan wasa a matsayin aiki, musamman ga ɗan fari da wanda aka yaye da wanda ya dawo daga CRENI. Iyaye maza, in an dawo daga gona, tabarmar ƙofar gida ta isa. Ku kuma masu tsara kasafin cibiyoyin tamowa a Madarunfa da kewaye, in kun zo lissafin katan-katan na abincin yara, ku sa albashin mace guda a kowace cibiya wadda aikinta shi ne ta zauna a ƙasa da uwa da ɗanta, ku kuma ba ta abin hawan da za ta bi su gida kowane mako.