SORMAS

SORMAS manhaja ce ta waya da kwamfuta wadda ma'aikatan lafiya ke amfani da ita wajen gano ɓarkewar cututtuka masu yaɗuwa da kuma bin sawun mutanen da suka yi cuɗanya da majinyata. An ƙirƙire ta ne bayan annobar Ebola ta 2014, da haɗin gwiwar Cibiyar Helmholtz ta binciken cututtuka da ke birnin Braunschweig a Jamus da masana lafiyar al'umma na Najeriya, ciki har da hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, wato NCDC.

Tarihi

Ebola ta shiga Legas ranar 20 ga Yuli, 2014, ta hanyar wani matafiyi daga Laberiya. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu. Sai da aka bi sawun kusan mutum 900, ana auna zafin jikin kowannensu kullum har kwana 21, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da kawo ƙarshen cutar a ƙasar ranar 20 ga Oktoba. Wannan aikin ya nuna cewa takarda ba za ta iya ɗaukar irin wannan nauyi ba, domin kafin fom ya taso daga asibiti ya isa hedikwata, mai cutar ya riga ya harbi wasu.

An gwada manhajar a jihohin Kano da Oyo a 2015. Ta yi aiki a ɓarkewar ƙyandar biri ta 2017, sannan aka faɗaɗa ta zuwa dukkan jihohi 36 da Abuja a lokacin korona a 2020. Ghana ta rungume ta, haka ma ofisoshin lafiya da dama a Jamus ɗin kanta.

Yadda take aiki

Idan aka ga wanda ake zargin yana da zazzaɓin Lassa, kwalara, sanƙarau ko ƙyanda, jami'in sa ido na ƙaramar hukuma zai shigar da bayanansa a waya. Daga nan sai jami'in jiha da na tarayya su gani. Ɗakin gwaji ma a nan yake saka sakamakon samfurin da aka aika masa. Manhajar tana lissafa waɗanda ya kamata a ziyarta kowace rana, tana kuma nuna taswirar wuraren da cutar ta fi ƙamari. Inda babu sabis ana iya shigar da bayanai, su tafi da zarar an samu intanet.

Matsaloli

Rashin wutar lantarki, tsadar data da sauyin ma'aikatan da aka horas suna kawo tsaiko. Babban giɓin kuwa shi ne marar lafiyar da bai je asibiti ba: wanda ya tsaya a kemis ko wurin mai maganin gargajiya ba ya shiga lissafi sai wani ya kai rahotonsa. Akwai kuma batun kare sirrin majinyata, tunda ana ajiye sunayensu da adireshinsu.